Moɗa Uku a Rana

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ya ba mu ruwa kyauta, ni kuma na wayi gari ina auna wa mahaifina shi da moɗa. Sunana Lawali, mutumin Gangara ne ni, a ƙasar Sabon Birni. Sana'ata ɗaukar kaya a babur tsakanin kasuwanninmu da na Nijar, in kai barkono da sabulu, in dawo da aya da dabino. Ba marubuci ba ne ni. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne akwai wata murya tawa da take yawo a wayoyin mutane tana faɗin abin da ba haka yake ba, kuma na yi iya ƙoƙarina na kasa kamo ta.

A gidanmu ni ne mai waya. Na gama sakandare, ina da layi biyu, namu da na Nijar, kuma na san tudun da ake hawa a bayan gari idan sabis ya yi gardama. Wannan kawai ya ishe ni zama malami, alƙali da likita a wurin dangi. Ba zan ɓoye ba, abin yana yi mini daɗi. Idan aka ce "a tambayi mai waya", sai in ji kaina ya ƙara girma.

Akwai abu ɗaya da ya kamata ku sani game da ni da Baba, Malam Umaru. Ni ne ɗansa na fari, don haka tun da aka haife ni bai taɓa kiran sunana ba, saboda kunyar ɗan fari. Inna ma haka. Idan Baba yana nemana sai ya ce "ina mutumin Maraɗi?", ko kuma ya ce "kai" kawai, ni kuma in san da ni ake. Na girma a haka, ban taɓa jin abin ya dame ni ba.

Makon farko, ana tsakiyar bazara, Baba yana sharar gona sai tsinin karan dawa ya huda takalminsa na roba ya soke shi a tafin ƙafar dama. Ya zare ya jefar, ya ci gaba da aiki. Mutum ne da ya haura sittin amma ba ya yarda a ce ya tsufa. Inna ta gasa masa wurin da ruwan zafi da gishiri. Kwana huɗu ƙafar ta kumbura har idon sawu, tana sheƙi.

Yanzu da nake waiwaye, alamu sun daɗe a gabanmu. Watanni Baba yana shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, yana yawan zagayawa, rigunansa suna yi masa yawa. Muka ce zafi ne, wa ba ya shan ruwa a bazarar Gobir? Wata safiya Inna ta tare ni ina goge babur ta ce, "Kai, ni kam wani abu nika gani. Duk inda tsohon ga yay yi fitsari, kiyashi na taruwa wurin." Na yi dariya na ce, "Inna, kiyashi ma ƙishirwa sukai." Na tayar da babur na tafi.

Maganar asibiti kuwa, Baba ya ce kan ɗan tsinin kara ba za a ɗora shi a mota ba. Mu ma ba mu matsa ba. Duk wanda yake zaune a wannan yanki ya san yadda hanyoyinmu suka koma, ba a fita sai dole, kuma ana fita ne da addu'a a baki. Sai na yi abin da na iya. Na ɗauki hoton ƙafar, na hau tudu, na saka a guruf ɗin dangi.

Kafin la'asar saƙonni sun cika wayar. Wani ɗan kawunmu ya ce sammu ne, an binne wa Baba abu a gona. Wata gwaggo ta turo bidiyon wani mutum da farar riga yana riƙe da kwalba, yana cewa tana maganin cuta iri-iri, ga lambar waya tana wucewa a ƙasa. Wani ya ce a sa zuma, wani ya ce kada a kuskura a sa zuma. Wani ya turo hoton wata ƙafa da ta fi ta Baba muni, ba bayani, sai "Allah ya kiyaye". Na zauna a kan tudun nan ina latsa wannan in bar wancan, kaina yana juyawa.

Sai ga saƙon murya daga ƙanwata Kulu, wadda take aure a Isa. Ta ce, "Yaya, saurari wanga. Likita na na gaskiya, ba mai tallan magani ba. Maƙwabciyata tat turo min, kuma ta ce mutane da yawa sun samu sauƙi."

Muryar namiji ce, Hausarsa ta Bayarabe, a gajiye, yana magana a hankali. Har yanzu zan iya maimaita ta. Ya ce kumburin ƙafa ruwa ne da ya taru a jiki. Ya ce ruwan sha kada ya wuce kofi uku a rana, irin moɗar randa, ko da ya roƙa. A daina sa masa gishiri. A ba shi ƙwayar fitsari guda ɗaya kullum da safe, ya faɗi sunanta. Ya rufe da cewa, "Ku yi haƙuri da shi, zai yi ƙorafi, amma ku daure. Allah ya ba Baba lafiya."

Me ya sa na yarda? Na sha tambayar kaina. Bai nemi ko sisi ba. Bai ba da lambar waya ba. Bai yi rantsuwa ba, bai ce maganinsa ya gagari Turawa ba. A cikin hayaniyar nan duka shi kaɗai ne ya yi magana irin ta mai ilimi. Kuma mu Gobirawa, duk tsokanar da muke yi wa Yarbawa, mun san idan aka zo karatun likita ba a raina su. Ban tsaya na tambayi wa yake yi wa maganar ba.

Washegari na shiga Sabon Birni wurin wani mai kemis, na kunna masa. Ya saurara, ya ɗauko ƙwayoyin, 'yan ƙanana farare. Kafin ya miƙo ya ce, "Likita ya ga tsohon dai ko?" Na ce, "Ai ga likitan nan ka ji da kunnenka." Ya ɗaga kafaɗa ya ba ni. Ba na ɗora masa laifi, ya yi tambayar da ta dace, ni ne na toshe ta.

Mako na biyu na kafa doka. Na fitar da tulun da ke ɗakin Baba. Na ce moɗa ɗaya da safe, ɗaya da azahar, ɗaya bayan magariba, kuma ni ne zan riƙa ba shi da hannuna. Na ajiye tafiyar Nijar don kada a karya mini tsari. Baba bai yi musu ba. Ya ce, "Tunda likita yac ce, ai shi ke nan." Inna ce ta dube ni ta dubi rana, ta ce, "Cikin wagga bazara?" Na kunna mata muryar har sau biyu, na nuna mata wurin da ya ce ko da ya roƙa.

Abin da ya ƙara rikita ni shi ne, a kwana na biyar ƙafar ta yi kamar kumburin ya sauka. Sheƙin ya ragu, fatar ta yi tamoji. Ban lura cewa ba ƙafar kaɗai ba ce, duk jikinsa ne yake tsotsewa, har idanunsa sun faɗa. Ni ƙafa kawai nake kallo, ina gwada ta da hoton farko. Murna ta kama ni. Na hau tudu na danna waya na ce:

"Salamu alaikum jama'a. Ni na Lawali daga Gangara. Wallahi wagga shawara ta likita gaskiya ta. Mahaihina ƙahwatai ta kumbura, munka bi abin da yac ce, moɗa ukku da ƙwaya guda, cikin kwana biyar kumburi ya sauka. Duk mai irin wagga matsala shi gwada. Ku tura ma wasu don Allah, ku samu lada."

Bai kai minti ɗaya ba. Kulu ta haɗa shi da muryar likitan ta watsa a guruf ɗin matan Isa, ni ma na watsa a na 'yan babur da na 'yan kasuwa har da na abokaina na Nijar. Ranar na sha yabo. Har wani ya kira ni Dakta Lawali, na yi kamar ban ji daɗi ba.

Kwana biyu bayan haka, da azahar, rana tana dukan kwanon ɗakin Baba, na shiga da moɗarsa ta biyu. Ya karɓa da hannu biyu ya shanye a numfashi ɗaya, ya kife ta a baki yana jiran ɗigon ƙarshe. Leɓɓansa sun tsage. Na miƙa hannu zan karɓa, sai ya riƙe wuyan hannuna. Ya dube ni cikin ido, abin da ba ya yi, ya ce:

"Lawali. Don Allah, ɗana, ƙara min ko rabi."

Wannan ne karo na farko a rayuwata da na ji sunana a bakin mahaifina. Kuma ku ji abin da na yi. Na ce, "Baba, ka yi haƙuri, likita ya ce za ka roƙa." Na zare hannuna, na fita da moɗar. Na je bayan rumbu na yi kuka, ina gaya wa kaina cewa wannan shi ne jarumtar jinya, cewa mai ƙaunarka ne yake iya hana ka. Har yau idan na tuna sai in ji kamar in tsine wa kaina.

A ranar ne kuma na kama Inna tana fitowa daga ɗakinsa da ƙwarya a ƙarƙashin mayafi. Ashe kullum idan na tafi masallaci ko tudu sai ta dama fura mai ruwa-ruwa ta ba shi, ta ƙara masa da ruwa. Na ɗaga mata murya, Allah ya yafe mini. Na ce ita ce take mayar da aikin baya. Ba ta yi fushi ba. Ta ce, "Ni ban san waya ba. Amma shekara arba'in nika ba mutumin ga ruwa, na san lokacin da shika buƙatatai."

Mako na uku komai ya dagule. Ƙafar ta fara wari, yatsun suka yi duhu. Baba ya fara barci da rana tsaka ba ya jin kira, idan ya farka sai ya riƙa magana da wansa da ya rasu tun ina yaro, yana ce masa su je su ɗaure dawa. Ni kuma maimakon in ɗauke shi, sai na sake komawa tudu. Na tarar da wani sabon saƙo yana yawo, shi ma wai na likita ne, yana cewa duk wata cuta rashin shan ruwa ce, a sha kofi takwas kafin karin kumallo. Na kunna wannan, na kunna wancan. Ɗaya ya ce a hana, ɗaya ya ce a ɗura. Dukansu da natsuwa suke magana, dukansu sun ce Allah ya ba da lafiya. Na tambaya a guruf wanne ne daidai, aka raba gari biyu, har wasu suka fara zage-zage a kan mahaifin da ba nasu ba. Na sauko daga tudun nan ban san ko hagu ko dama ba.

Na tarar Inna ta yafa mayafi, ta ɗaure 'yan kaya a zani, ta sa an shimfiɗa tabarma a amalanken maƙwabci. Ta ce, "Ko ka samo muna mota, ko in tura shi da kaina har Sabon Birni. Wayar taka ta yi iyakar nata." Na tafi neman mota.

A asibitin da muka fara zuwa, wata nas ta soki yatsansa ta ɗiga jinin a wani ɗan inji. Ta duba, ta sake gwadawa, ta kira abokin aikinta. Suka ce sugan da ke jininsa ya wuce abin da injin yake iya nunawa. Nan take aka rataya masa ƙarin ruwa. Na tsaya ina kallon ledar tana ɗiga. Ruwan da na kwana goma ina hana shi ta baki, ga shi ana ɗura masa ta jijiya, leda bayan leda. Na ce wa nas ɗin, "Amma ba a ce ruwa na ƙara kumburi ba?" Ta ce, "Wa yac ce?" Suka ce ƙafar da ƙodar sun fi ƙarfinsu, mu wuce Sakkwato da safe idan motoci sun haɗu za su tashi tare.

Tafiyar ba zan bayyana ta ba, wanda ya sani ya sani. Baba yana kwance a cinyar Inna, Kulu da ta taso daga Isa tana riƙe da ledar ruwa ta tagar mota, kowa yana kallon daji yana motsa baki.

A Sakkwato muka sha layi. Layin kati daban, layin gwaji daban, layin biya daban, kowanne a wani gini, kuma duk wanda ka tambaya sai ya nuna maka da baki ya wuce. Safar hannu, auduga, allura, kusan komai sai an rubuto maka ka fita waje ka sayo. Masu jinya muna zube a gindin dogon yaro da tabarmi da butoci. Na yi ƙorafi a lokacin kuma ina yi har yanzu. Amma a wannan wurin ne kuma na ga nas ta bar abincinta ya huce tana neman jijiya a hannun Baba da ya bushe, tana ce masa "sannu Baba" alhali ba ya jin ta. Allah ya saka mata.

Ita ce ta tambaye ni wane magani muke ba shi a gida. Na nuna mata ƙwayoyin. Ta zaro ido ta ce wa ya rubuta? Na ce likita, na kunna mata. Ba a yi nisa ba ta ce in tsayar. Ta ce, "Wannan ai na san muryar." Ta karɓi wayata ta shiga wani ofis.

Sai ga ta da wani gajeren mutum mai furfura da tabarau. Tun kafin ya gama sallama na gane shi. Muryar da na kwana ina saurare ce take fitowa daga bakin mutum mai rai. Na rasa ko in gaishe shi ko in shaƙe shi. Ya fara duba Baba tukuna, ya ga zanen Gobirawa a kumatunsa, ya ce a hankali cikin wasan nan na Yarbawa da Gobirawa, "Bawana, me ya kai ka haka?" Ya buɗe ƙafar, ya daɗe yana kallo. Sannan ya ja ni gefe ya ce in sake kunnawa.

Ya saurari kansa har ƙarshe, ya cire tabarau ya goge fuska. Ya ce muryarsa ce. Ya yi ta ne tun shekarar da ta wuce, saboda wani dattijo daga Unguwar Lalle mai ciwon zuciya, wanda ya kwanta a hannunsa, ya gwada shi, ya san jikinsa. Bayan an sallame shi hanya ta hana su dawowa, ɗansa ya kira yana kuka, shi ne ya yi masa bayani a murya don ba ya karatu. Ya ce da farkon saƙon ya ambaci sunan dattijon, amma ga shi an yanke wurin. Ko wani ne ya ga gaisuwa ta yi tsawo, ko me, Allah masani.

Na ce, "To likita, ƙarya ka faɗi ko gaskiya?"

Ya ce, "Gaskiya ce, ga wancan tsohon. Shi ƙafafunsa biyu ne suka kumbura, ruwa ya yi masa yawa. Mahaifinka ƙafa ɗaya ce, ciwo ne ya ruɓe saboda suga, kuma jikinsa ruwa yake nema. Lokacin da na yi wannan magana ban ga mahaifinka ba." Wannan jimlar ta ƙarshe ta zauna mini a kai har yau.

Ya tambaya ko moɗa ukun kaɗai yake sha duk kwanakin nan. Na sunkuyar da kai na ce Inna tana ba shi a ɓoye. Ya juya ya dubi Inna da ke zaune a ƙasa a bakin gado, ya ce, "Mama, da ba ki yi haka ba, ban san ko zai iso nan ba." Inna ba ta ko dube ni ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Sai Kulu, wadda bakinta ba ya shiru, ta ce, "Likita, ai har da shaidar Yaya aka haɗawa." Ta kunna masa muryata. Na so ƙasa ta tsage in shige. Ya saurara, ya ce, "Mutum nawa ka tura wa?" Na ce ban sani ba. Ya ce, "Ni ma ban sani ba. To ka ga mun zama abokan laifi."

Mako na huɗu aka ce sai an yanke inda ya ruɓe. Ni aka miƙa wa takarda in sa hannu, ni ɗin dai da na jawo. Aka cire yatsu uku da gaban tafin ƙafar. Ƙodar kuma likita ya ce ta ji jiki, sai dai a jira a gani. Muka jira. Kullum a ɗebi jini, kullum a auna fitsari, ni da na saba auna abin da ke shiga na koma auna abin da ke fita. A makon ne muka aika gida aka sayar da bijimin huɗarmu, aka taɓa geron da aka ajiye don damina. 'Yan uwana 'yan babur suka yi karo-karo suka turo ta waya, ta cikin guruf ɗin nan dai da na watsa muryata. Wannan ma yana cikin abin da ya hana ni sanin yadda zan ɗauki wayar nan, ko in gode mata ko in jefa ta rijiya.

A mako na biyar Baba ya dawo hayyacinsa sosai. Likita ya zo zagaye ya ce, "Bawana, ka tashi?" Baba ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Wa yab ba bawa farar riga?" Duk ɗakin aka yi dariya, Inna tana dariya tana share hawaye. A nan na san ya dawo.

Ranar sallama, a mako na shida, na ɗauka likita zai ce ya daina tura saƙon murya har abada. Ya ce ya yi tunanin haka, amma idan ya daina, mutanen Gobir za su riƙa bin wannan hanya mai haɗari har Sakkwato saboda tambayar minti biyu. Ya ce in riƙa turo hoton ciwon duk mako, da lambar da injin suga ya nuna. Amsarsa kuwa yanzu da wani salo take zuwa. Yana farawa da "Wannan saƙo na Malam Umaru na Gangara ne shi kaɗai", ya maimaita a tsakiya, ya maimaita a ƙarshe, har ya gundure ka. Ya ce mai son yanke sunan daga saƙon zai sha aiki.

Da muka dawo gida na hau tudu na yi sabon saƙo, na faɗi duk abin da ya faru, na roƙi a goge na farko. Ya kai minti shida. 'Yan guruf suka amsa da "Allah ya ƙara sauƙi", shi ke nan. Kulu ta tura inda za ta iya. Amma wa zai zauna sauraron nadamar minti shida, alhali ga albishir na minti ɗaya?

Bayan damina ta sauka na koma aiki. Wata ranar kasuwa ina Burkusuma ina ɗaure kaya a babur, sai na ji muryata a bayana: "Ni na Lawali daga Gangara." Na juya. Wani magidanci ne da rawani, daga wani ƙauye na tsallaken iyaka, yana kunna wa abokinsa. Yana cewa tsohuwarsa ce ƙafa ta kumbura, yau kwana huɗu suna bin tsarin, ga ma shaidar wani Bagobiri.

Na saki igiya na je na ce, "Malam, ni na Lawalin."

Ya washe baki ya kama hannuna da hannu biyu. "Kai na? Allah shi biya ka! Ya jikin tsoho?"

Na buɗe waya na nuna masa hoton ƙafar Baba yadda take yanzu. Na faɗa masa komai a tsaye, a gurguje, ina haɗa magana. Fuskarsa ta canza. Ya ce, "To yanzu mi za ni yi? In ba ta ruwa ko in hana ta?"

Bakina ya buɗe zai ba da amsa, don ya saba. Na kama shi. Wataƙila irin ciwon dattijon Unguwar Lalle ne da ita, wataƙila irin na Baba, wataƙila wani daban. Na ce, "Wallahi ban sani ba. Ban gan ta ba, kuma ko na gan ta ba ni sani. Ka kai ta inda za a duba ta, yau, ba gobe ba."

Ya dube ni, ya dubi wayarsa. Ya ce, "Amma a nan ka fi magana da ƙarfi." Ya hau babur ya tafi. Ban san sunansa ba, ban san ƙauyensu ba, ban san wanne Lawali ya bi ba, na cikin waya ko na gabansa.

Shi ya sa na rubuta wannan. Ina gode wa Allah, ina gode wa Inna, da nas ɗin nan, da likitan da muryarsa ta kusa kashe mana uba hannunsa kuma ya tashe shi. Idan saƙo ya iso muku, kuka ji wani Lawali daga Gangara yana rantsuwa cewa mahaifinsa ya warke a kwana biyar, ni ne, kuma ba haka aka yi ba. Ku goge shi, kada ku nemi lada da shi.

Baba yana nan da ransa. Yana tafiya da sanda, gona sai dai ya zauna a gindin bishiya ya nuna mana inda muka bar ciyawa. Na mayar masa da tulunsa ɗaki, ni nake cika shi kullum da safe kafin in fita. Bai taɓa tayar da maganar ba ko sau ɗaya. Ya koma ce mini mutumin Maraɗi, ko "kai", kamar da. Sau ɗaya tak ya kira sunana a duniya, ya roƙe ni rabin moɗa, na hana shi. Addu'ata kullum ita ce kada Allah ya sake kawo ranar da zai kira shi.